Yehudi Menuhin: yaron da ya iya goge kafin ya san yadda ake gogawa

Duk wanda ya ɗan leƙa harkar kiɗan gargajiyar Turawa, wato irin wanda ake zama a zaure tsit ana sauraro ba rawa ba tafi sai an gama, to da wuya ace bai ci karo da sunan Yehudi Menuhin ba. Mutumin ya shafe shekara saba'in da ɗoriya akan dandamali, ya kafa makaranta, ya kafa gasa, Sarauniyar Ingila ta naɗa shi sarauta har ya samu kujera a majalisar dattawansu. Ni dai ba tarin lambobin yabon bane ya dameni. Abinda ya ja hankalina a lamarinsa shine yadda yaron da duniya ta sallama masa yana ɗan shekara 12 ya zo ya zama babban mutumin da hannunsa na dama ke masa gardama a gaban dubban mutane, da kuma abinda yayi da wannan matsalar, dan daga cikinta ne malantarsa ta fito.

Bari na fara da kayan aikin dan a fahimci inda wahalar take. Gogen Turawa tsirkiya huɗu gareshi, akwatin katako ne ba ƙwarya ba, kuma a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi tsakanin muƙamuƙi da ƙashin wuya. Hannun hagu ke danna tsirkiya, na dama ke jan sandar gogawa wadda aka ɗaure mata izgar doki ana shafa mata ƙaro, daidai yadda masu gogen mu keyi. A wuyan gogen babu wata alama ko layi da zai nuna maka inda zaka ɗora yatsa, kunnenka ne da sabon hannu kawai, ka goce da ɗan kaɗan sautin ya karkace kowa yaji. Amma masu sana'ar zasu gaya maka hannun dama ne mugun, dan shine numfashin kiɗan, kuma idan tsoro ya kama mutum a nan yake fara bayyana, sandar ta dinga tsalle akan tsirkiya musamman a wajen da ake son jan sauti ɗaya dogo a hankali.

An haifi Menuhin ranar 22 ga Afrilun 1916 a New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka fito daga ƙasashen daular Rasha, suka yi zama a Falasɗinu kafin su ƙaura Amurka, uban Moshe malamin harshen Ibrananci ne, uwar Marutha kuma mace ce mai tsauri wadda ita ke riƙe da gidan. A San Francisco yaron ya tashi. Iyayen kan ɗauke shi zuwa kallon babbar ƙungiyar makaɗan garin tun yana ɗan mitsitsi, anan ya ga Louis Persinger, shugaban masu goge na ƙungiyar, ya kafe shi irin wannan abun yake so kuma wannan mutumin ne zai koya masa. Wani malami Sigmund Anker ya fara ɗora masa hannu, daga baya Persinger ya karɓe shi. Yana shekara bakwai ya fara fitowa gaban jama'a. Makarantar boko kuwa ba'a sa shi ba in banda kwana ɗaya da aka gwada, a gida aka dinga kawo malamai shi da ƙannensa mata Hephzibah da Yaltah waɗanda suma suka zama gwanayen fiyano. Wani lauya mai kuɗi a garin, Sidney Ehrman, shi ya ɗauki nauyin iyalin gaba ɗaya zuwa Turai.

To anan ne abun ya fara, kuma wannan wajen ya kamata a tsaya a kalla da kyau. Persinger almajirin Eugène Ysaÿe ne, babban mai gogen ƙasar Beljiyam, dan haka yace a kai yaron wajen malaminsa. Aka kai shi Brussels yana ɗan shekara goma, ya tsaya gaban tsohon ya buga masa wani kiɗa mai wuya na Lalo, tsoho ya yaba. Sai yace to yanzu buga min afejiyo, wato irin atisayen nan na hawa da sauka akan sautuka wanda duk ɗan koyo keyi da safe kafin ya taɓa kiɗa na gaske, daga ƙasan wuyan goge har can sama. Yaro ya daburce. Shi da kansa ya bada labarin daga baya cewa laluben wuyan gogen kawai ya dinga yi. Ysaÿe ya bashi shawara ya koma yayi atisayen nan na tushe, yaro kuma yaƙi zama wajensa, dama zuciyarsa na wajen wani daban, George Enescu ɗan Romaniya wanda ya taɓa gani yana wasa a San Francisco. A Faris ya dinga bibiyar Enescu har ya yarda ya saurare shi da sassafe, daga nan ya zama malaminsa.

Enescu babban mutum ne, mai goge ne mai fiyano ne mai tsara kiɗa ne, kuma Menuhin har ya mutu yana kiransa malaminsa na haƙiƙa. Amma irin koyarwarsa ba ta gyaran yatsa bace. Zai zauna a fiyano yana raka yaron, yana rera masa yadda jimlar kiɗan ya kamata ta tafi, yana masa maganar ma'ana da ruhin abun, yaron kuma da yake kunnensa kamar na aljani ne sai kawai ya kwaikwaya ya fitar. A 1927 har Romaniya ya kai shi inda yaji makaɗan Jifsi masu buga goge ba takarda, abinda ya zauna masa a rai har tsufa. Enescu ɗin dai ya lura akwai buƙatar horo mai tsari shiyasa ya tura shi wajen Adolf Busch Bajamushe a Basel, yayi bazara biyu a wajensa, amma ko shi bai rushe ginin ya koma tushe ba, wa zai zauna yana koyawa yaron da ke cika zaure baƙi da wasali?

Kuma gaskiya zauren yake cikawa. A Nuwamban 1927 yana shekara 11 ya buga babban kiɗan goge na Beethoven a zauren Carnegie Hall na New York ƙarƙashin jagorancin Fritz Busch, wanda da farko ma bai so ba dan a ganinsa wannan ba kiɗan yara bane. Attajiri Henry Goldman, na gidan Goldman Sachs, ya saya masa gogen Stradivari, shahararren maƙerin goge ɗan Italiya, ƙirar 1733. Ranar 12 ga Afrilun 1929 a Balin, saura kwana goma ya cika 13, ya buga manyan kiɗa uku a dare ɗaya, na Bach da na Beethoven da na Brahms, tare da ƙungiyar Berlin Philharmonic da madugun makaɗa Bruno Walter, aikin da manya ma ke tsoro. Ana bada labarin cewa Albert Einstein na cikin zauren kuma ya bi yaron bayan fage ya rungume shi yace yanzu ya tabbata akwai Allah. Sai 1932, yana shekara 16, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan ya ɗauki kiɗan Edward Elgar, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, Elgar ɗin da kansa ɗan shekara 75 ke jagorantar makaɗan. Wannan faifan har yau ana saidawa. Idan kana son jin abinda mutanen lokacin suka ji to nemo shi a YouTube, duk da ƙarar tsohon faifai zakaji wani sauti mai ɗumi kamar muryar mutum, babu alamar ƙoƙari a ciki ko kaɗan.

A 1935 yayi zagayen duniya, wasa 110 a birane 63, har Ostareliya da Afirka ta Kudu. Bayan nan iyalin suka janye shi gida Los Gatos a Kalifoniya yayi fiye da shekara bai hau dandamali ba. A wajen wannan lokacin ne ya fara jin akwai abinda bai zauna ba, yana buga abu daidai amma bai san dalilin da yasa yake fita daidai ba. Kamar matar da ta iya miya da ido ne, bata awo bata tambaya, hannunta kawai ke sani, to ranar da miyar ta fara ƙin daɗi bata san me zata rage ko me zata ƙara ba dan bata taɓa sanin me take sawa ba tun farko. Ɗan koyo na yau da kullum wanda ya sha wahalar atisaye shekara goma yana da inda zai koma idan abu ya ɓaci, zai ce bari na duba gwiwar hannu, bari na duba babban yatsa. Menuhin bashi da wannan wajen komawar.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya ƙara dagula lissafin. Yayi wa sojojin ƙawance wasa sama da 500, a sansanoni da asibitoci da tsibirai masu sanyi, yau nan gobe can, ba hutu ba lokacin zama ayi bita. A cikin wannan hidimar ne ya haɗu da Béla Bartók, mai tsara kiɗa ɗan Hangari da ke gudun hijira a New York cikin ciwo da rashin kuɗi, ya biya shi ya rubuta masa kiɗan goge zalla ba rakiya, ya fara buga shi a Nuwamban 1944, kuma yau wannan kiɗan na cikin mafi wuya da masu goge ke gwada kansu dashi. A Yulin 1945 shi da Benjamin Britten a fiyano suka je sansanin Bergen-Belsen suka yiwa waɗanda suka tsira daga hannun 'yan Nazi wasa, watanni kaɗan bayan an 'yantar da wajen. A gida kuma auren da yayi a 1938 da Nola Nicholas 'yar Ostareliya na rushewa, suka rabu a 1947, a shekarar ya auri Diana Gould mai rawar bale wadda suka zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A dai 1947 ɗin ya jawo wa kansa wata rigimar. Ya koma Balin yayi wasa da Wilhelm Furtwängler, madugun da ya zauna a Jamus duk tsawon mulkin Hitila yana aiki. Kotun tantancewa ta wanke Furtwängler, kuma Menuhin na ganin mutumin ya taimaki makaɗa Yahudawa, amma 'yan uwansa Yahudawa da yawa a Amurka da Isra'ila basu yafe masa da wuri ba, sunce jinin bai bushe ba. Na kawo wannan ne dan a ga irin nauyin da ke kansa a daidai shekarun da masu sharhi suka fara rubuta cewa wasansa ya daina tabbata. Yau zai yi wasan da za'a fita ana share hawaye, jibi sandar na rawa sautin na gocewa.

Me ya jawo? Anan masana suka rabu. Wasu sunce rashin tushen nan ne da Ysaÿe ya hango. Wasu sunce gajiyar yaƙi da tashin hankalin gida. Wasu kuma na ganin matsalar jiki ce kawai a hannun dama wadda shekaru suka ƙara, akwai ma masu ɗorawa uwar laifi saboda yadda ta killace yaran. A nawa ganin ba sai an zaɓi ɗaya ba, amma na farkon ne ya maida sauran suka zama bala'i, dan Jascha Heifetz, wani babban mai gogen zamanin, shima yayi wa sojoji wasa a yaƙin, shima aurensa na farko ya mutu, amma shi an gina shi akan atisaye tun yana yaro a hannun ubansa da kuma malamin goge Leopold Auer, kuma bai taɓa sakin atisayen ba, hannunsa bai girgiza ba.

Abinda Menuhin yayi shine ya koma ɗalibi a ɓoye alhali sunansa na kan allunan talla. Ya dinga karanta littattafan malaman goge, yana tambayar abokan sana'a, yana warware motsi ɗaya ɗaya, yadda kafaɗa ke sakin nauyi, yadda babban yatsa ke lanƙwasa, inda numfashi ke tsayawa idan wajen wuya ya zo. Sai a 1952 Firaminista Nehru ya gayyace shi Indiya, dama ya fara gwada yoga da kansa daga wani littafi har ya tsaya da ka a gaban Nehru, a Bombay kuma aka haɗa shi da wani malamin yoga da ba'a san shi sosai a waje ba lokacin, B.K.S. Iyengar. Wannan haɗuwar ta canza su duka biyun. Menuhin ya kawo Iyengar Suwizalan a 1954 ya buɗe masa ƙofar Turai, daga baya ya bashi kyautar agogo da aka zana a bayansa cewa shine mafi kyawun malamin gogensa, mutumin da bai taɓa riƙe goge ba. Ba wasa yake ba. Abinda ya gano shine yawancin matsalar daga ƙanƙame jiki take, wuya ya ƙage, kafaɗa ta ɗaga, hannu ya matse sanda. Har a 1982 wajen bikin cikar Berlin Philharmonic shekara 100 dattijon ya tsaya da ka ya jagoranci farkon kiɗan Beethoven na biyar da ƙafafunsa, mutane na dariya.

Shin ya warke? Gaskiya bai warke duka ba. Akwai faya-fayan shekarun 1950 da 1960 masu kyau ƙwarai, amma wancan sauƙin na yarinta bai dawo ba, kuma a shekarun 1970 zuwa 1980 akwai wasannin da ko masoyansa sai sun kau da kai. Sai dai ya faɗaɗa ta wani gefen. Ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa yayi kiɗa da Ravi Shankar mai sita, wato kayan kiɗan tsirkiya na Indiya, faifansu na 1967 ya ci kyautar Grammy. Yayi faya-fayai da Stéphane Grappelli mai gogen jaz, duk da shi Menuhin sai an rubuta masa nasa layin dan bai iya ƙirƙira nan take ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya kafa bikin kiɗa a Gstaad ta Suwizalan a 1957, ya koma jagorantar ƙungiyoyin makaɗa a hankali har ya ajiye gogen a farkon shekarun 1990. Bakinsa kuma baya shiru, a 1971 a Mosko ya ambaci sunan Solzhenitsyn, marubucin da ke sukar gwamnatin Sobiyet, a bainar jama'a lokacin da hukuma bata son ji, a 1991 da aka bashi kyautar Wolf ya tsaya a majalisar Isra'ila ya soki yadda ake mulkin Falasɗinawa a yankunan da aka mamaye.

To yanzu ga malantar. A 1962 ya ziyarci makarantar kiɗa ta yara da ke Mosko, inda Tarayyar Sobiyet ke tara yara masu baiwa tun suna ƙanana ana haɗa musu boko da kiɗa a waje ɗaya, ita ke ciyar da babbar kwalejin kiɗan birnin. Ya ga ingancin horon, amma bai so tsaurin da gasar da ke ciki ba. A 1963 ya buɗe tasa a Landan da ɗalibai 15, tare da abokansa Marcel Gazelle mai fiyano da Robert Masters mai goge, shekara ɗaya bayan nan suka koma wani babban gida a ƙauyen Stoke d'Abernon a Surrey inda take har yau. Makarantar kwana ce, yara daga wajen shekara takwas zuwa goma sha tara, adadinsu baya wuce tamanin da wani abu, goge da manyan 'yan uwansa da fiyano, daga baya aka ƙara jita. Gwamnatin Burtaniya ta shigo da tallafi yadda iyaye ke biya daidai ƙarfinsu. Da aka bashi sarautar Lord a 1993 sunan wannan ƙauyen ya zaɓa ya liƙa a sarautar.

Idan ka duba tsarin makarantar zaka ga kamar amsa ce yake baiwa yarintarsa ɗaya bayan ɗaya. Shi bai yi abokan aji ba, to nan yara na zaune tare suna cin abinci tare. Shi an tura shi gaba shi kaɗai ana tafi, nan dole kowa ya shiga ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu ya koyi sauraren na kusa dashi, kuma kowa na waƙa da baki. Shi bai san jikinsa ba sai da ya lalace, nan ana fara darasi da motsa jiki da numfashi. A darussa shida da ya fitar a littafi da fim a farkon shekarun 1970, darasin farko ma ba'a ɗaukar goge, miƙa ce da lilo da hannu da koyon tsayuwa. Yana son gogen ya kwanta akan ƙashin wuya ba tare da matashin kafaɗar nan da yawancin masu goge ke maƙalawa ba, dan a ganinsa matashin na daskarar da kafaɗa, kuma akan wannan har yau malamai basu daina musu ba, da yawa daga cikin manyan masu wasa na yanzu da matashin suke amfani kuma lafiya lau.

Sakamakon fa? Nigel Kennedy ya shiga yana shekara bakwai, a nan ya haɗu da Grappelli ya kamu da son jaz, faifansa na Vivaldi na 1989 ya sayar da sama da miliyan biyu, abinda ba'a saba gani ba a wannan fannin. Tasmin Little daga nan ta fito. Nicola Benedetti ta shiga tana shekara goma, ta ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2004 tana 16, yanzu itace shugabar babban bikin Edinburgh. Alina Ibragimova ma 'yar makarantar ce. Banda makarantar, a 1977 shi da Ian Stoutzker suka kafa Live Music Now, ana biyan matasan makaɗa suje suyi wasa a asibitoci da gidajen tsofaffi da gidajen yari da makarantun yara masu buƙata ta musamman, kaga darasin yaƙi kenan ya dawo. A 1983 kuma ya fara gasar matasan masu goge a Folkestone, wadda Julia Fischer ta ci ɓangaren yara a 1995, Ray Chen ya ci na manya a 2008. Abun mamaki mutumin da ke yawan cewa baya son gasa shi ya kafa ɗaya daga cikin manyanta.

Amma fa a faɗi gaskiya, Menuhin ba malamin kullum bane irin Auer a Saint Petersburg ko Ivan Galamian da Dorothy DeLay a makarantar kiɗa ta Juilliard a New York, waɗanda ke zama a ɗaki ɗaya daga safe zuwa dare shekara da shekaru suna gyara yatsun yara. Shi yana jirgi yawancin lokaci, sai ya leƙo ya saurari kowane yaro ya faɗi abinda ya gani ya wuce. Aikin yau da gobe wasu ne suka yi shi, misali Natalia Boyarskaya wadda ta koyar da Benedetti da Ibragimova, kuma ita tarbiyyar Rasha ce da ita, wato dai irin tsarin atisayen nan da yaron ya gudu daga gareshi a Brussels. Dan haka idan ance ɗaliban Menuhin, a fahimta ɗaliban gidan da ya gina ne, ba lallai waɗanda suka koyi jan sanda daga hannunsa ba. Ni a wajena wannan bai rage masa komai ba, ya san abinda bai samu ba ya nemo masu iya bayarwa ya biya su.

Akwai wani labari da Daniel Hope ke bayarwa da bakinsa wanda ke nuna inda tsarin ke iya wuce gona da iri. Hope an haife shi a Durban a 1973, iyayensa suka bar Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata, uwarsa ta samu aikin sakatariya wajen Menuhin, dan haka a gidan ya tashi. Aka sa shi makarantar, aka ce kiɗa kaza da kaza ne daidai matakinsa, shi kuma yaro yana son na Mendelssohn wanda aka ce bai kai ba, sai ya dinga ɓuya yana koya a asirce har aka kama shi aka kira iyayensa, ƙarshenta ya bar makarantar. Wannan kiɗan fa Menuhin yana ƙaramin yaro ya buga shi ba wanda ya hana shi. To wanne ne daidai, a bar yaro ya ruga inda kunnensa ya ja shi ko a riƙe shi sai tushe ya zauna? Makarantar ta zaɓi na biyun dan ta ga abinda na farkon ya jawo wa mai ita, amma da an yiwa Menuhin haka a 1927 da wataƙila babu faifan Elgar. Hope dai ya tafi wajen Zakhar Bron, wani malamin mai tarbiyyar Rasha, ya sha atisayensa, ya dawo yayi wasa da Menuhin sau da dama.

Hope ɗin ne ma ya buga goge a wasan Menuhin na ƙarshe a Düsseldorf a farkon Maris ɗin 1999, dattijon na jagorantar makaɗa. Kwanaki kaɗan bayan nan ciwon ƙirji ya kwantar dashi a Balin, ya rasu ranar 12 ga Maris yana da shekara 82, aka binne shi a harabar makarantar. Kwantiraginsa da kamfanin faifai na EMI ya kai kusan shekara 70, ana lissafa shi a matsayin mafi tsawo a tarihin harkar faifai. Stradivari ɗinsa mai suna Soil ƙirar 1714 tun 1986 ya sayar wa mai goge Itzhak Perlman, ɗaya gogen nasa na maƙeri Guarneri ƙirar 1742 kuma wani mai tara kayan kiɗa a Amurka ya saye shi bayan rasuwar akan kusan dala miliyan 6. Makarantar ta buɗe zauren wasanta a 2006, kuma har yanzu duk yaron da ke son shiga sai ya je an saurare shi, ya kwana ya zauna da sauran yaran na 'yan kwanaki kafin a yanke hukunci.